Ranar da Aka Tayar da Baffa

Musbahu dai ba za a ce bai iya aikinsa ba. Yana shekarar ƙarshe ta digirinsa na biyu a fannin ilimin motsin jiki, kuma ya kwana biyu yana koyon aiki a sashen gashin ƙashi na wani asibiti a Abuja. Masu shanyewar ɓarin jikin da ya tayar tsaye ba su ƙirguwa. Ya san ƙa'idar kamar yadda ya san hanyar gidansu: ka ɗaura wa majinyaci faffaɗan bel a ƙugu, ka damƙe shi da kyau, ka tokare gwiwarsa marar ƙarfi da taka, ƙirji kusa da ƙirji, idonka kuma a kan fuskarsa, don a fuska jiri yake fara nunawa kafin ƙafa ta saki.

Ana nan, sai ga Baffa Badaru an turo shi a keken guragu.

Baffa mahaifin Muhibba ne, matar Musbahu. Dillalin lemo da kankana ne a kasuwar Zuba, mutumin da in ya daka tsawa a bakin tirela kowa sai ya shiga taitayinsa. Hawan jini ya kayar da shi, ɓarin hagu ya shanye. Muhibba ce ta nace sai an kawo shi nan, wai mijinta na wurin, ai shi zai tayar da shi.

Allah sarki Muhibba, ta manta wane ne mijin nata. Musbahu tun da ya yi aure bai taɓa cin abinci a gaban Baffa ba. Tun daga bakin zaure yake tuɓe takalmi, ya durƙusa can nesa ya gaida shi, kai a sunkuye. Yau kuma shi za a ce ya rungumi ƙugun mutumin nan?

Dakta Magdalena, wadda ke koyar da su, ta ja shi gefe. Hausarta irin ta Abuja ce, amma ba ta ɓoye-ɓoye.

"Musbahu, an ce wannan baba surukinka ne. Yau ne zai tsaya na farko. In ya faɗi yau, tsoro zai shiga jikinshi, wasu ba su ƙara yarda su tashi. Za ka iya, ko in ba Michael?"

Michael abokin karatunsa ne, yana nan tsaye ba abin da yake yi. Kalma ɗaya daga bakin Musbahu ta isa a miƙa wa Michael aikin. Amma Muhibba na bakin ƙofa rungume da jakar maganin Baffa, tana kallon mijinta cike da alfahari.

"Zan iya, Ma," in ji Musbahu.

Ya durƙusa ya gaida Baffa, har da tambayar ya jiki. Ya ɗauko bel ya zagaya da shi ƙugun tsohon, ya ɗaura shi sakwa-sakwa, don yana jin nauyin matse shi. Ya tura keken tsakanin sandunan ƙarfe biyu da majinyata ke dafawa.

"Baffa, a daure a miƙe. Bismillah."

Baffa ya cije, ya yunƙura, ya tashi. Wallahi ya tashi! Muhibba har ta saki kabbara. Sai dai Musbahu yana tsaye nesa da shi, hannu a miƙe, ya riƙe bel da 'yan yatsu kamar mai ɗaga hular wani. Gwiwarsa ba ta ko kusanci ta Baffa ba. Idonsa kuwa yana kan tayil.

"Matsa kusa! Duba fuskarshi!" Dakta ta faɗa da ƙarfi.

Bai duba ba. Don haka bai ga lokacin da idon Baffa ya juya ba. Gwiwar hagu ta lanƙwashe, bel ya suɓuce, tsoho ya zube ƙasa tim. Ga shi ciwo ya ramar da shi, tazugen ba ya riƙe komai, wandon ya zame har cinya.

A nan ne Musbahu ya yi abin da har yau in ya tuna yake jin kamar ƙasa ta tsage ya shige. Maimakon ya duƙa ya tallafo shi, sai ya juya fuskarsa bango. Jikinsa ne ya yi hakan kafin hankalinsa ya zo. Michael ne ya tsallako ya ja wandon, shi da Dakta suka ɗaga Baffa, Muhibba na salati tana kuka.

Da aka duba, ba karaya. Dakta Magdalena ta buɗe baki za ta yi faɗa, Baffa ya ɗaga hannunsa mai lafiya, maganarsa na fita a karkace.

"Likita, kada ki ga laifin yaron nan. Ya riƙe ni. Ƙafar ce ba ta da amfani."

Da zaginsa ya yi, da ya fi wa Musbahu sauƙi.

Baffa bai ƙara komawa asibitin ba. Dakta ta kira a waya, Michael ya je har gida da bel ɗinsa, Muhibba ta yi lallashi har ta gaji. Da an kama hannunsa sai ya ƙanƙame keken, ya ce a bar shi, shi ya san abin da ya ji. Ƙafar ta fara sandarewa.

Wata Juma'a Musbahu ya je Zuba gaisuwa, da niyyar yau kam zai buɗe baki ya faɗi gaskiya, ya roƙe shi a sake gwadawa. Ya tarar da 'yan kasuwa cike da zaure sun zo dubiya. Ya tuɓe takalmi, ya durƙusa can nesa, ya yi gaisuwa kawai, kai a sunkuye.

Baffa ya nuna shi daga kan kekensa, yana murmushi da rabin baki.

"Kun ga wannan? Duk bokon da ya yi bai ɓata shi ba. Ni dai Allah ya ba ni suruki mai kunya."

Zaure ya ɗauka da "Masha Allah". Musbahu yana durƙushe, yana kallon ƙafar Baffa ta hagu da ta kumbura a kan matakin keken, ya ji hawaye na ɗiga a bayan hannunsa.