Ɗakin Hure

Ba abin da ke ƙona min rai irin mutum ya shigo shagona ya rungume kwamfutarsa kamar jariri ya ƙi miƙo ta. Shekara tara ina gyaran kwamfuta a bakin tashar Gaya, na san irinsu sarai, sai ka gama lallashi kafin ka fara aiki. To, Malam Abdulmuttalib na Gafasa ya fi su duka. Tsohon malamin gona ne da ya yi ritaya, amma manoman garinsu suka ƙi sakinsa, suka ɗora masa sakataren ƙungiya. Da hantsi ya sauko daga acaba, kwamfutar naɗe cikin sallaya.

"Sagiru, an ce min kai ba ka share wa mutane kaya."

"Ina sharewa mana, Baba, in sun ce in share."

"To ni ban ce ba."

Sai da ya zauna ya sha ruwa sannan ya faɗi damuwarsa. Manhajar da yake yi wa manoma rajistar taki ta daina aiki a kan tsohuwar Windows, ga damina ta kawo kai. Ya nemi ɗora sabuwa, kwamfutar ta ƙi atafau. Wani mai gyara a Ajingi ya duba ya ce sai an goge faifan ajiyar kakaf. Malam ya naɗe sallayarsa ya fito.

Da na kunna na ga matsalar, kuma ba baƙuwa ba ce. Faifan yana kan tsohon tsari da ake kira MBR, ita kuwa sabuwar Windows ba ta zama sai a kan GPT. Masu gaggawa gogewa suke yi su huta. Amma akwai wani ɗan umarni da ke juya tsarin ba tare da an taɓa kayan mutum ba. Na karkace hula, na ce masa minti goma ya ishe ni. Na buga umarnin gwaji, ya ƙi. Na sake bugawa, ya sake ƙi. Na gyara zaman hulata.

Sharaɗin umarnin shi ne kada faifan ya wuce kashi uku. Na Malam kashi huɗu ne. Na farko ɗan ƙarami ne, kwamfutar ce ta yanka wa kanta, daga nan take tashi. Sauran ukun da na karanta sunayensu sai dariya ta ƙwace min: Turaka, Ɗakin Hure, Rumbu.

"Baba, gida ka gina a ciki?"

"Ni na zana a takarda na ba wanda ya sayar min. Takarduna suna Turaka. Hotunan manoma da taswirar gonakinsu suna Rumbu."

"Hure fa? Ita ma rajistar taki take yi?"

"Matata ce, maman Khaula. Ta rasu bara waccan."

Wallahi na ji kunya, na so ƙasa ta tsage in shige. Na yi masa ta'aziyya, ya amsa ba tare da ya nuna min komai ba, wannan kuwa ya ƙara min nauyi.

Duk da haka dole in faɗa masa gaskiya. Ɗaya daga cikin huɗun sai ya tafi. Ƙaramin ba ya taɓuwa. Turaka nan Windows take. Rumbu kuwa cike yake maƙil, ko faifan da nake ajiyar ko-ta-kwana ba zai ɗauke shi ba. Ɗakin Hure ne kaɗai mai kaya kaɗan, kuma bango ɗaya ne tsakaninsa da Turaka.

"Rushe shi za ka yi ke nan."

"Bangon kawai zan cire, Baba. Kayan zan fara shigarwa Turaka, in kuma ajiye kwafi a nawa faifan. Sabon tsarin yana ɗaukar ɗaki sama da ɗari. Muna gamawa in sake gina mata nata, da sunanta da komai."

Ya shiga murza carbi. Can ya ce ɗakinta na gida an ba wa amaryar ɗansa Kamalu bayan sallar layya. Shi da bakinsa ya ce a bayar, don gidan ya yi musu kaɗan, kuma yarinyar tana da kirki. Amma ranar da aka yi fenti bai iya cin abinci ba.

"Wannan ne ya rage mata," in ji shi. "Tun da ta rasu ban buɗe shi ba. Ina dai ganin sunan in na kunna."

Ban matsa masa ba. Wata mata ta kawo waya na canja mata gilashi, mai rake ya wuce na sayi sanda biyu na miƙa masa ɗaya. Sai da ya shanye gaɓa uku ya ce, "Bismillah, kwashe."

Kayan ba su da yawa: hotunan awakinta, na sunan jikoki, sai saƙonnin murya ɗari da goma sha bakwai da yake kwafowa daga wayarsa tun tana da rai. Na kwafa wuri biyu, na ƙirga, adadin ya yi daidai. Amma ni ba na yarda da ƙirge kaɗai. Na ce masa sai an buɗe ko ɗaya ne an ji yana aiki kafin in cire bangon. Ya ɗaga kai alamar to. Na danna wanda hannuna ya faɗa a kai.

Wata murya mai kaifi ta cika shagon. "Malam, ka sake barin maganinka a kan taga. Kai dai da wannan kwamfutar, ko abinci sai an bi ka da shi. Ka biya ka taho min da daddawa, ba irin ta rannan ba. Kuma ka dawo kafin hadari."

Na saci kallonsa. Ashe dariya yake, har kafaɗunsa na rawa, ga hawaye yana bin gemu.

"Daddawar rannan lafiyarta ƙalau," ya ce. "Rigima ce kawai irin tata."

Da aka zo cire bangon sai ya riƙe min hannu. Ya ce in nuna masa wurin, shi zai danna. Ya yi bisimilla ya danna da ɗan yatsa ɗaya, sunan ya ɓace daga jerin. Na haɗe filin da Turaka, na buga umarnin gwaji, wannan karon ya amsa. Na buga na juyawa, ko minti biyu bai yi ba ya gama.

Na sake kunna kwamfutar, sai allo ya tsaya baƙi ƙirin. Gumi ya keto min. Malam ya dube ni, na dubi silin. Sannan na tuna ban shiga saitin tashi na mayar da shi sabon salo ba, abin da nake yi wa wasu faɗa a kai kullum. Na gyara, ta tashi garau. Na ce masa dama haka aikin yake. Ya ce, "Na ga alama, har da gumin."

Muka bar sabuwar Windows tana hawa muka tafi azahar. Kafin la'asar ta gama. Manhajar rajista ta buɗe, sunayen manoman Gafasa suka jeru ba wanda ya ɓata, Rumbu yana nan yadda ya bar shi. A cikin Turaka kuwa, kusa da takardunsa na fansho, ga jakar kayan Hure da sunanta a jiki. Raina ya yi fari tas.

"Saura alkawari, Baba. Bari in yanka mata ɗakinta. Kamar na da za a yi shi, ko a ƙara masa girma?"

Ya daɗe yana kallon allon.

"Shekara talatin da huɗu sai na ratsa tsakar gida nake ganinta," ya ce. "Bar ta nan."

Na rufe kwamfutar na miƙa masa, ya naɗe ta a sallaya. Na ce ya ɗan jira Kamalu ya zo da mashin ya ɗauke shi, tunda ya ce min yaron yana cikin gari. Ya leƙa waje, gabas ta fara haɗa baƙi.

"A'a, Sagiru, bari in kama hanya. Ka dai ji da kunnenka, ta ce in dawo kafin hadari."