Makullin Gangar Oom Tienie

"Sanna, zo ki yi mana shari'a!" Oom Tienie ya ƙwala mini kira ta kan shinge, yana kaɗa wata tsohuwar jarida. "Ga shi a rubuce, jar giya maganin zuciya ce. Amma matar nan ta kulle mini ganga."

"Jaridar ce ta yi jinyarka a asibiti?" in ji matarsa, Antie Griet, ko ɗago kai daga wanki ba ta yi ba. "Likita ya ce ko ɗigo. Makulli yana wuyana, zo ka ƙwata."

Na yi dariya na koma shanyata. Tunda muke maƙwabtaka a gidajen ma'aikatan gonar inabi, ban taɓa ganin Oom ya ci galaba a kan Antie ba. Shekara arba'in ya yi yana aiki a rumbun giyar gonar kafin ciwon zuciya ya zaunar da shi. Kowace kaka yakan yi kalar inabi ya haɗa giya ya cika 'yar gangarsa. Ta bana kuwa, wata biyar ke nan bai san abin da ke cikinta ba.

Ranar Lahadi bayan coci na kai musu burodi, na tarar ƙafafun Oom sun kumbura, takalmi ya ƙi shiga. Bai ko tsokane ni ba, abin da ya tayar mini da hankali ke nan.

"Griet," ya ce a hankali, "so nake kawai in san ko giyar ta yi."

Antie ta daɗe tana kallon ƙafafun. Sannan ta ciro makullin ta fita, ta dawo da giyar a ɗan ƙaramin kofi.

Ya shinshina. Ya kurɓa, ya jujjuya ta a baki, ya lumshe ido. Sai ya sunkuya ya tofar a gwangwanin fure.

"Ta yi," ya ce.

"Tofarwa ka yi?" Antie ta riƙe baki. "Wata biyar muna faɗa, tsohon banza!"

"Yo a rumbu wa ke haɗiyewa? Da ina haɗiye duk abin da na ɗanɗana, ai ko aurenki ba zan kai ba."

Ta maka masa tsumma a kafaɗa, tana dariya tana hawaye.

Ranar Laraba da yamma ya cika a kujerarsa, hularsa a gwiwa. Na yi kuka, amma raina bai ɓaci ba. Ranar jana'iza gangar nan ta ishi kowa.

Bayan an watse, na hango Antie ta kan shinge, zaune kusa da kujerar, riƙe da ɗan kofin. Ta shinshina, ta kurɓa, ta jujjuya a baki kamar yadda ya yi. Ta dubi gwangwanin furen, sai ta haɗiye abarta.