Kada Ka Danna

A sito ba wanda ke kiransa da sunansa. Likita suke ce masa, wai rubutunsa sai mai sayar da magani ne zai iya karantawa. Shekara huɗu yana dakon siminti a wurin, ba wanda ya damu da yadda yake rubutu. Sai da bayansa ya fara ciwo, aka kuma tuna yana da takardar gama sakandare, sannan Manaja ya ba shi tebur da mabuɗin ɗan ofishin da ke bakin ƙofa.

Aikin shi ne cika takardar fita: lambar mota, inda za a kai kaya, buhu nawa, bandir nawa na kwano. Takardar falle uku ce a manne ta sama, fara da rawaya da shuɗiya, masu kabon a baya don rubutun sama ya fito a na ƙasa. Ya cika ta sama ya miƙa ta taga. Maigadi ya yage farar ya ba direba, sauran biyun ya soke su a wayar ƙarfe mai tsini, da yamma a kai wa Manaja. Wata uku ke nan yana wannan.

Ranar da abin ya ɓaci, wani direba ne ya dawo da lodin rodi sukutum. Mai kantin da aka kai wa ya ce ba zai sa hannu a kan abin da bai iya karantawa ba. Manaja ya fito tsakar sito, ya ɗaga takardar sama a gaban 'yan dako.

"Likita! Zo ka karanta min wannan."

Ya zo. Ya duba. Shi ma ya kasa karanta ta.

"Kun gani ko? Shi da ya rubuta!"

Aka tuntsire da dariya. Wani daga kan mota ya ce, "Likita, a rubuto mana na ciwon baya, amma a bi mu da tafinta!"

Manaja bai yi dariya ba. "Sati biyu na ba ka. In sun cika, ran Litinin, in na ɗauki takardarka ban karanta ta a tsaye ba, ka ajiye min mabuɗi ka koma ka ɗauki buhu. Akwai masu jiran kujerar nan."

Likita ya koma ofis ya rufe ƙofa, ya zauna yana kallon hannuwansa. Kanta a tafi, yatsu kamar guntayen itace. Ya san nauyin buhu. Ya san yadda ƙurar siminti ke cin wuya har fata ta tsage. Ya rantse a ransa ba zai koma ba.

Da aka tashi, Baba Akawu ya tsayar da shi. Tsohon ya shekara talatin a ofishin ciki yana riƙe da babban littafin kaya, rubutunsa kamar na inji.

"Miƙo hannun nan in gani." Ya juya shi gaba da baya. "Na lura da kai. Kana riƙe biro kamar za ka soke mutum. Biro ne ya kashe hannun yaran yanzu. Je ka nemi alƙalami mai shan tawada. Shi ba ya yarda da ƙarfi, dole ya koya maka ladabi."

"Baba, alƙalami ne zai hana a kore ni?"

"Ni dai na faɗa maka abin da na sani."

Washegari Asabar ya shiga kasuwa. Kanti na farko aka zube masa kwalin biro, aka ce duk ɗaya ne. A na biyu wata budurwa ta ciro masa wani mai ruwan zinariya a cikin akwati, ya buɗe, ashe biro ne aka yi wa kwalliya. Ya mayar mata ba ko sallama. Rana ta take, gumi ya jiƙa masa riga, kafin wani mai ɗinkin littafi ya nuna masa wani lungu.

Kantin a ƙarƙashin matakala yake, da ƙyar mutum biyu za su tsaya. Akwatin gilashi guda, kwalabe a jere, da wani dattijo mai baƙin babban yatsa. Ya fito da alƙaluma uku ya shimfiɗa a kan ƙyalle, ya tsoma ɗaya a tawada, ya turo takarda.

"Rubuta mu gani."

Likita ya ɗora ya danna. Bakin alƙalamin ya buɗe biyu, tawada ta malala ɓul.

Dattijon ya fizge abinsa. "Kai! Ƙusa kake bugawa? Wannan ba guduma ba ce, samari!"

"To ba sai an danna ake rubutu ba?"

"Wa ya gaya maka? Kada ka danna. Ɗora shi kawai, nauyinsa ya isa. Kai dai ja." Ya ɗaga bakin a haske yana dubawa, yana tsaki. "Aikin me kake yi?"

"Akawu ne."

Mutumin ya dubi tafin hannunsa, ya dubi fuskarsa. "Akawu? Da wannan hannun?"

Likita ya ji kamar ya sa ƙafa ya tarwatsa gilashin.

"Wace irin takarda kuke aiki da ita a ofishin naku?" in ji dattijon.

"Takarda ai takarda ce. Za ka sayar ko in tafi?"

"Allah ya ba ka haƙuri, ranka ya daɗe akawu."

Ya zaɓar masa wani baƙi mai kaurin jiki, ya ce shi zai cika masa hannu. Ya nuna masa yadda ake murɗa shi ya sha tawada, da yadda ake goge baki. Ya haɗa masa da kwalba guda da littafi mai layi huɗu irin na 'yan aji ɗaya. Likita ya biya, ya cusa littafin can cikin riga don kada wani ya gani.

A gidan yayarsa yake zaune, ɗaki ɗaya ta ware masa. Tela ce, teburin yankanta shi ne kaɗai tebur a gidan. Kullum da sassafe, kafin ta shimfiɗa yadi, sai ya mamaye gefe guda. Zagaye, zagaye, zagaye. Sanda, sanda, sanda. Shafi uku na baƙi ɗaya. Kwana biyun farko takarda duk huji, yatsu duk shuɗi.

"Auta," in ji ta, tana wasa almakashi, "in ɗinka maka ɗan wandon makaranta ne? Da jakar goyo?"

"Yaya, ki rabu da ni."

"Na rabu da kai. Amma wallahi ɗigo ɗaya ya taɓa min yadin mutane, da kai da kwalbar duk waje."

Ta tsaya a bayansa tana kallo. Can ta sa yatsa ta taɓa masa kafaɗa. "Sauke wannan. Ka ɗaure ta kamar an aza maka kaya. Ni ma da na fara keken ɗinki haka nake danne yadi, allura ta yi ta karyewa."

Ya yi tsaki, amma ya sauke.

Abin ya fi dako wuya. Buhu in ka yi fushi da shi sai ya tashi. Wannan kuwa da ya tuna fuskar Manaja sai hannu ya yi nauyi, bakin ya ƙwaƙule takarda. Dole sai ya haɗiye, ya saki yatsu, ya ja a hankali kamar mai shafa kan jariri. A kwana na shida baƙaƙen suka fara tsayuwa a layi. A na goma ya rubuta lambar mota da sunan kaya iri takwas, yayar ta ɗauka ta karanta daga bakin ƙofa ba gargada.

"Kai ka yi wannan?"

"A'a, aljani."

A wurin aiki kuwa bai nuna wa kowa ba. Ya ci gaba da jagwalgwalonsa da biro, yana jin ana "Likita, saura kwana huɗu," "Likita, mun ajiye maka gammonka." Ya bar su. Yana so ranar ta zo ya toshe musu baki gaba ɗaya.

Litinin ya riga kowa zuwa. Ya goge tebur, ya ciro alƙalamin. Mota ta farko, siminti buhu ɗari biyu. Ya ɗora, ya ja. Tawada ta kwanta a kan farar takarda lumui, baƙi na bin baƙi. Direban ya karɓa daga hannun Maigadi, ya duba, ya leƙo ta taga.

"An yi sabon akawu ne?"

Kafin azahar labari ya zaga sito. 'Yan dako na zuwa leƙe, suna komawa shiru. Baba Akawu ya fito da kansa, ya karɓi takardar wani direba ya ɗaga tabarau, ya gyaɗa kai ya koma. Likita bai ɗago ba. Mota ashirin da uku ya sallama, ko ɗigo bai ɓata ba. Ta ashirin da huɗu na tsaye ana loda mata siminti, ya cika takardarta ya ajiye a gefe tana shan iska.

Ƙarfe huɗu Maigadi ya kai wayar takardun ofishin Manaja. Ba a yi minti biyu ba aka ji ƙofa ta bugu da bango.

Manaja ya shigo ya watsa takardun a kan tebur. Rawaya da shuɗiya, rawaya da shuɗiya. Layukan da aka buga da inji na nan. Rubutu babu. A kan wata rawaya ɗaya akwai ɗan alamu kamar sawun tururuwa. Sauran fes.

"Mene ne wannan?"

Likita ya ɗauki ɗaya, ya juya bayanta. Ya ɗauki wata. Wata uku yana cika takardar nan, bai taɓa ɗaga farar ya ga abin da ke ƙasa ba. Bai taɓa buƙata ba. Hannun dako ne ke huda falle uku, shi kuwa sati biyu ya yi yana kashe hannun.

"Mota ashirin da uku sun fita da kayana! Me suka ɗauka? Ina suka nufa? Takardar da ta sani tana aljihun direba! In mutum ya sauke rabi a hanya ya ce haka aka ba shi, da me zan kama shi?" Ya juya taga. "Kai kuma, Maigadi, makaho ne kai?"

Maigadi ya sosa ƙeya. "Yallaɓai, na ga babu rubutu kam. To da na ga farar ta yi kyau haka, sai na ce ko sabon tsari aka kawo. Ni aikina in yage in soke."

Wani ya ƙyalƙyale a waje, aka yi masa tsawa.

Baba Akawu na tsaye a bakin ƙofa. Likita ya miƙe, kujera ta faɗi.

"Baba, ka sani?"

"Me?"

"Ka san ba ya ratsa kabon! Kai ka aike ni!"

Tsohon ya dubi takardun, fuskarsa ta yi wani iri. "Ɗana, shekara talatin a littafi nake rubutu. Falle ɗaya. Ban taɓa cika takardar ƙofa ba. Wallahi ko a raina bai zo ba."

Da ƙarya ce da ya fi sauƙi. Likita ya nemi wanda zai shaƙe ya rasa. Mai kantin alƙalamin ma ya tambaye shi irin takardarsu, shi ya gwasale shi.

"Yallaɓai, a ba ni awa ɗaya. Zan iya tuna wasu. A kira direbobin a waya, in sake cikawa."

"Za a kira su. Ba kai za ka kira ba."

Manaja ya hango takardar mota ta ashirin da huɗu a gefen tebur. Ya ɗauka. Ya karanta ta a tsaye, daga sama har ƙasa, bai tsaya ko sau ɗaya ba. Ya daɗe yana kallonta.

"Rubutu kam ya yi kyau," ya ce. Ya ɗaga farar, ya ga rawayar, ya sake ta ta faɗi. Ya miƙa hannu. "Mabuɗi."

"Abin da ka ce in gyara na gyara."

"Ka gyara. Mabuɗi."

Likita ya ciro shi daga aljihu. Bai sa masa a hannu ba, a kan tebur ya dangwarar. Ya rufe alƙalamin, ya murɗa marfin har sai da ya yi ƙara.

A waje motar na jira, saura buhu sittin. Ba wanda ya tsokane shi. 'Yan dako suka buɗa masa hanya, kowa ido a ƙasa. Ya cire rigarsa ya rataye a ƙusa, ya je gindin tulin siminti ya juya baya ya duƙa.

Biyun da ke ɗorawa suka tsaya suna kallon juna.

"Me kuke jira?" ya ce. "Ku aza."