Kallo Daga Saman Bene

A wani kamfanin robobi da ke Sharaɗa akwai wata al'ada da ba manajan da ya kafa ta. In azumi ya zo, Kiristoci ke karɓar bakin injin narka roba, inda zafi ke gasa mutum kamar tsire. In Kirsimeti ta zo, Musulmi su riƙe aikin, abokansu su tafi gida. Mamman da Ɗanjuma, wani Kirista mutumin Kafanchan, sun yi shekara da shekaru a kan haka, kwanon abincinsu ma ɗaya ne.

Sai aka yi wa Mamman ƙarin girma, aka ba shi kujera a saman bene, bayan gilashi. To, ka san ɗan Adam. Tun kujerar ba ta gama ɗumi ba ya fara ganin na ƙasa ƙanana. Gaisuwa ta koma ɗaga hannu, ɗaga hannu ya koma gyaɗa kai.

Da Disamba ta kama, aiki ya yi yawa. Ɗanjuma ya hau benen, ya tsaya a bakin ƙofa.

"Mamman, jibi zan wuce gida. Tsohuwata jikin ya ƙi daɗi, ni take ta tambaya. Kamilu da ke aiki kusa da ni ya ce zai riƙe min injina."

Mamman ko ɗagowa bai yi ba. "Wannan tsarin naku na ƙauye ya wuce. Nan kamfani ne. Wanda ya tafi, ya tafi ke nan."

Ɗanjuma bai tafi ba, yana da yara a makaranta. Tsohuwa kuwa ba ta jira shi ba, ta waya ya ji an binne ta. Mamman ya so ya sauka ya yi masa ta'aziyya, kunya ta riƙe masa ƙafa, ya ce sai gobe. Goben nan ta yi ta ja har watan azumi ya tsaya.

Ranar farko da azahar ya leƙa ta gilashi. Ga Ɗanjuma can a bakin injin, riga sharkaf da gumi, ya kora Kamilu mai azumi inuwa. Ba wanda ya sa shi. Zuciyar Mamman ta karye, nadama ta rufe shi. Ya sauko da sauri, ya dafa kafaɗar abokinsa.

"Ɗanjuma, ɗan'uwana..."

Ɗanjuma ya cire hularsa, ya ɗan rusuna, idonsa a ƙasa.

"Ranka ya daɗe, akwai wani aiki ne?"