Aron Fuska

"Wannan ba harara ba ce," in ji Baba Mai Zane, ya ajiye fensir a kan cinyarsa. "Tausayi ne. Tattara kayanki ki mayar gida, ban aika a kawo mini shi ba."

Tela ta gyara zama a kan benci, kunya ta rufe ta. Kwana huɗu ke nan tana barin keken ɗinkinta da hantsi, ta tsallako barandar maƙwabcinta don kawai ta harare shi, har yau kuma ba ta yi yadda yake so ba. Ita da duk layin ya shaide ta a harara! Idan ta ɗago kai daga keke, masu hira a ƙofar shagonta sai su tuna ana jiran su a gida.

Shekara arba'in Baba ya yi yana zana fuskoki a allunan shaguna, daga mai ciwon haƙori a ƙofar kantin magani har zuwa saurayi mai ji da kansa a shagon aski. Bai taɓa zana fuska ba sai ya fara yin ta da tasa. Zai ɗauko ɗan madubi, ya tattare goshi ko ya washe baki, ya ga inda nama ya bi, sannan hannu ya bi sawu. To, ciwon shanyewar ɓarin jiki ya zo ya tafi da hannun dama, ya haɗa da rabin fuskar. Hannun bai dame shi ba, ya koya wa na hagu aiki da ƙarfin tsiya. Fuskar ce ta ƙi. In ya ɗaure gira ɗaya, ɗayar sai ta yi kwanciyarta.

Abu ɗaya yake so ya gama kafin ƙarfinsa ya ƙare, wato fuskar matarsa da ta rasu shekara shida baya. Hotonta ɗaya ne a gidan, na katin shaida, inda ta yi tsuru kamar an hana ta numfashi. Baba ya ce wannan ba matarsa ba ce. Matarsa ita ce mai hararar nan idan ya dawo da fenti a rigarsa ta fita. Shi ya sa ya zo aron fuska wurin Tela.

'Yarsa, wadda ta baro gidanta ta zo jinya, ta leƙo da kofin magani a hannu.

"Baba, likita fa cewa ya yi ka huta. Dubi yadda hannunka ke rawa. Yaya Tela, don Allah ki daina biye masa."

"Hutu na nan zuwa, mai tsawo ma," ya ce. "Ki bar ni in yi aikina."

Ta kwashe takardun da ya yar a ƙasa tana ƙunƙuni, ta koma ciki. Tela ta sake gwadawa. Ta haɗe gira, ta karkata ido, amma da ta ga miyau na gangarowa ta gefen bakinsa bai sani ba, sai fuskar ta narke mata.

Baba ya dube ta.

"Af, 'yar nan, akwai maganar da na daɗe ina riƙewa saboda maƙwabtaka. Farar rigar nan da kika ɗinka mini bara, hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Sai da na kai wa telan bakin kasuwa ya gyara."

"Wanne? Wancan mai ɗinkin kamar da ƙafa? Ɗinkina ka kai masa?"

"Yauwa! Tsaya haka! Kada ki motsa!"

Ba ta motsa ba, don ba ta huce ba. Fensir ya shiga tafiya a kan takardar da ya manna a allo, yana rawa, yana kauce wa layi, Baba na dawo da shi. Gumi ya jiƙa wuyan rigarsa. Tana kallonsa, fushin ya bar maganar riga ya koma kan ciwon da ya maida wannan mutum haka. Ta tsani ciwon nan, ta harare shi iya ƙarfinta har idanunta suka yi zafi.

Da ya gama sai ya kife allon a kan cinyarsa.

"Mu gani mana, Baba."

"Ba taki ba ce. Je ki, kin sallamu."

Ta kai bakin ƙofa ta juyo. "Maganar rigar nan, tsokana ce ko?"

"Hannun dama ne ya fi tsawo," ya ce. "Da yatsa biyu."

Bayan kwana biyu, da safe, tana saka zare a allura ta ji kukan 'yarsa ta bayan katanga. Ta san ko mene ne tun kafin a aiko.

Da masu gaisuwa suka yi sauƙi, Tela ta shiga ta tarar da 'yar zaune a ƙasan ɗakinsa, ta miƙe ƙafafu, ɗankwali ya zame mata har ƙeya, tana tura takardu cikin buhu.

"Waɗannan ne suka ƙarasa shi, Yaya. Ƙone su zan yi."

"Ba za ki ƙone ba," in ji Tela. "Kwana huɗu na bar ɗinkina, har zagin sana'ata na sha. Sai na ga abin da aka yi da fuskata."

Allon na jingine da bango, fuskarsa na kallon bangon. Tela ta juyo shi.

Ba ita ba ce. Layukan duk a karkace suke, kunne ɗaya ma bai ƙarasa ba, amma ga marigayiya nan, girar hagu a sama, leɓe a tsuke, tana duban ɗakin ta gefen ido.

'Yar ta ɗago kai. Ta haɗa ido da zanen. A hankali ta janye ƙafafunta ta tanƙwashe, ta kai hannu ta jawo ɗankwalinta ya rufe gashinta.