Kan Halidu

"Kunne ɗaya kawai zan fasa, Halimatou," in ji Mansur. "Sai ɗan gefen wuya. Ba za ki ma lura ba."

"Ajiye gudumar nan, Alhaji."

Bai ajiye ba. Yana tsaye a bayan shagonsa na kayan gargajiya kusa da kasuwar Petit Marché, da kan mutum na yumɓu a gabansa. A bakin titi tulunan matan ƙauyen su Halimatou suna cikin mota, an shimfiɗa musu kara, ba a sauke ko ɗaya ba. Ita suka wakilta ta kawo su Yamai, kuma Mansur kaɗai ke sayen kayansu gaba ɗaya.

Kan ba na sayarwa ba ne. Fuskar mijinta Halidu ce, ta gina ta bayan ta fita takaba, da tsagar kumatunsa da leɓen nan da ke karkacewa idan zai yi dariya. Ta ƙunso shi a zane ne don dangin mijin sun ce gunki ne, za su farfasa. Wajen duba kaya Mansur ya kwance ƙunshin.

"Akwai wani Anasara da ke zuwa sayayya nan, ba sabon abu yake nema ba," ya ce. "Na tono yake so, irin na mutanen da. Mu ɗan fasa shi, mu turbuɗe shi a ƙasa mai laima, mu shafe shi da toka. Ranar Asabar zai dawo, ya tarar da kakan kakanni."

"Mijina ne."

"Allah ya jiƙansa. Mijinki yana kabari, ƙanwata. Wannan laka ce."

"Zan gina maka wani."

"Kafin ya bushe a gasa, mutumin yana ƙasarsu. Kuma kin taɓa gina mai rai kamar wannan?"

Ta san ba ta taɓa ba.

Direba ya danna oda a waje. Mansur ya leƙa, ya dawo da murya ƙasa-ƙasa.

"Ni ma kasuwa ta mutu mini. Roba ta cika gari, wa ke neman tulu? In babu wannan, wallahi ba ni da abin sauke kayan can. Ki mayar musu."

Ta tuna tsohuwa Nana, wadda ta rako motar har bakin hanya tana ta jaddada mata a riƙe tulunanta da kyau, damina ta kusa, rumbu ya yi ƙasa. Ta sa babban yatsa ta share ƙurar da ta kwanta a goshin Halidu.

Mansur ya gyara riƙon guduma, ya karkatar da kan gefe guda.

"Tsaya," ta ce. Ta miƙa hannu. "Ka sa a sauke tulunan, duka, ina gani. Sannan ka ba ni gudumar. Ni zan fasa."