Ranar Da Zuliha Ta Ƙi Yafewa

Tun da aka aiko cewa ranar Lahadi za a raba gonar marigayi Malam Abdu a Jiratawa, 'yarsa Zuliha ta kasa zama wuri guda. Ta share tsakar gida, ta sake sharewa, ta ɗora tukunyar zogale ta manta da ita har ta kama. Mijinta Tanimu yana kallonta daga bakin ƙofa. Ba shi da wurin zuwa. Tun da harkar iyakar ƙasa ta dagule, sana'arsa ta sayar da isansi, wato man fetur, a kwalba ta mutu, kwanon kwaɗon Zuliha ne ke riƙe da gidan nan na unguwar Zariya ta Maraɗi. Ganyen kuwa a gonar ubanta yake tsirowa, amma saye take yi a kasuwar Maraɗi kamar kowa.

Abin da ke cinta ba ɓoyayye ba ne. In za a raba gona, malam kan faɗi rabon kowa yadda addini ya tsara. Sai babban wa ya leƙa cikin gida ya tambayi ƙannensa mata, su kuma su sunkuyar da kai su ce sun yafe wa maza. Ba a tilasta kowa, Allah ya sani. Ido kawai ake zuba miki. In kin yafe, ƙofar gidan ubanki a buɗe take ranar da aure ya yi tsami, da kaka kuma a aiko miki da ɗan hatsi. In kin ƙi fa? Zuliha ba ta san wadda ta taɓa ƙi ba, balle ta je ta tambaye ta. Tana son gonar, tana tsoron rasa gidan, ga 'ya'yanta uku duk mata, kuma ba ta ga abin da za ta bar musu ba sai tukunya da ludayi.

Ranar Asabar ta hau kabu-kabu ta nufi Tsibiri, inda ƙanwarta Munira ke aure. Ta iske ta tana sussuka. Ko gaisuwa ba su gama ba Zuliha ta amayar da abin da ke cikinta.

"Ni dai gobe ba ni yahewa, Munira."

Munira ta jingine taɓarya. "Yaya, kin san abin da kike hwaɗi kuwa? Mi mutane za su ce?"

"Su ce abin da sunka ga dama. Mutane ke ciyar min da ɗiya?"

Munira ta shiga kaɗe ƙaiƙayi daga zaninta. Ita ma ba daɗi take sha ba, ɗan filin da mijinta ya taɓa ba ta ya karɓe abinsa bara, wai gona ta yi wa maza kaɗan. Can ta ce, "To in kinka ce a'a, ni ma a'a." Zuliha ta koma gida da ƙarfin gwiwa, amma ƙarfin bai kai ta ko la'asar ba.

Ranar Lahadi da hantsi gidan Malam Abdu ya cika. Maza suna zaure da malam da igiyar awo, mata kuma sun cunkushe a ɗakin Inna, uwar su Zuliha, wadda ke zaune a kan buzu tana takaba, carbi a hannu. Zuliha ta zauna, ta tashi, ta leƙa randa, ta dawo.

Sai ga wansu Idirisa ya yi sallama ya tsaya a bakin ƙofa. Mutumin kirki ne Idirisa, wannan ba mai musu. Shi ya yi jinyar tsoho har ƙarshe. Da yake Munira ce kusa da ƙofa, ita ya fara tambaya.

"Munira, an hidda rabonki. Mi kinka ce?"

Munira ta kalli ƙasa. "Na yahe, Yaya."

Ko juyowa ba ta yi ba. Zuliha ta ji abin kamar an watsa mata ruwan randa a baya. Ta ji haushi, ta kuma ji tausayin yarinyar, duk a lokaci guda.

"Zuliha fa?" Idirisa ya riga ya fara juyawa, don a wurinsa tambayar kamar gaisuwa ce, an san amsarta.

"Ina son nawa, Yaya."

Wata gwaggo ta ja tsaki a ciki-ciki. Carbin Inna ya tsaya, sannan ya ci gaba.

Idirisa ya dawo da ƙafarsa. Bai ɗaga murya ba. "Kin san mu huɗu ne maza, kowa da iyali. Hilin ga in an ƙara yanka shi, ko akuya ba ta ƙoshi ciki."

Gaskiya ya faɗa, kuma Zuliha ta san gaskiya ce, shi ya sa maganar ta yi mata zafi. Duk da haka ta ce, "Na sani, Yaya. Ni ma ina da iyali."

Ya daɗe yana dubanta. Sannan ya ce, "Haƙƙinki ne. Taso ki ga awo."

Haka ta bi bayan maza har gona, ita kaɗai mace, masu ban ruwa suna miƙewa daga cikin kwami suna kallo. Aka ja igiya, malam ya duba, aka sake ja. Ba su cuce ta ko taƙi guda ba, sun ma ba ta gefen da ke kusa da hanyar ruwa. Idirisa da hannunsa ya dasa gamba a kan iyaka, tushe bayan tushe, yana take ƙasa da diddige. Zuliha ta duƙa ta damƙi ƙasar, mai sanyi, mai danshi. Daɗi ya kama ta har ƙwalla ta taru mata, ta yi sauri ta goge kada a gani.

Da suka dawo gida ta nufi madafa kamar kullum, za ta ɗauki ƙwarya ta ɗebi fura. Fasuma matar Idirisa ta tare ta da fara'a. "A'a, Yaya Zuliha, ki huta, an kai miki." An shimfiɗa mata sabuwar tabarma a ɗakin da ake sauke baƙi, an zuba tuwo a kwanon nan mai marfi da ba a fiddowa sai surukai sun zo. Tana jin hayaniyar mata a tsakar gida, sun haɗa hannu a akushi ɗaya, har da muryar Munira. Ta kai loma biyu, ta mayar da marfin ta rufe.

Ta shiga yi wa Inna sallama. Tsohuwar ta riƙe wuyan hannunta, ta matse, ta daɗe ba ta saki ba, amma ba ta ce komai ba sai "Allah shi kiyaye hanya."

A zaure ta iske Idirisa ya sa hula yana jiranta. Tun da aka yi mata aure take shiga gidan nan tana fita, da rana da yamma, ba wanda ya taɓa tashi don ita. Wa ke raka 'yar gida? Yau kuwa ya karɓi ƙullin kayanta ya riƙe mata, ya taka da ita har bakin babbar hanya, yana tambayarta lafiyar Tanimu da yara ɗaya bayan ɗaya. Shi ya tsayar mata da kabu-kabu. Da ta hau, ya miƙa mata ƙullin da hannu biyu, ya ɗan rusuna.

"Mun gode da ziyara, Malama Zuliha," in ji shi. "A gaida mutanen gida."